Yadda Ake Ganin Likita ta Waya Idan Ciwon Bai Yi Tsanani Ba

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa babban asibiti saboda ƙurajen da suka feso wa yaro, ya bi layin yankar kati, ya koma ya bi layin ganin likita, har rana ta take ba a kira sunansa ba, ya san cewa wani lokaci wahalar zuwan takan fi ciwon da ya kai shi. Wannan ne ya sa ganin likita ta waya ya samu karɓuwa, musamman tun daga shekarar 2020 da kullen korona ya tsare mutane a gida. A yau akwai manhajoji da asibitoci masu zaman kansu da kamfanonin inshorar lafiya da ke haɗa marar lafiya da likita ta kiran bidiyo, ko kiran murya, ko rubutaccen saƙo. Na bi wannan hanya sau da dama saboda kaina da iyalina, kuma abin da na fahimta shi ne likitan da ke cikin waya ba shi da hannun da zai taɓa ka, ba shi da abin sauraron ƙirji, ganinsa kuma iyakarsa inda kyamara ta nuna masa. Saboda haka duk abin da hannunsa da idonsa za su gano a ɗakin duba marasa lafiya, kai ne za ka auno shi ka kai masa, kuma gwargwadon abin da ka kai, gwargwadon ingancin shawarar da za ka samu.

Mataki na farko, wanda kuma ya fi sauran nauyi, shi ne ka tantance ko ciwon ya dace da waya tun kafin ka buɗe manhajar. Waɗanda suka dace sun haɗa da mura da tari na 'yan kwanaki, da ciwon maƙogwaro marar tsanani, da jan ido irin wanda ake kira afolo, da cututtukan fata kamar makero da ƙyasfi da ƙazuwa da ƙurajen zafi, da ƙwannafi, da taurin bayan gida, da gudawa marar jini ga babban mutum da ke iya shan ruwa, da ciwon baya bayan ɗaukar kaya mai nauyi, da zafin fitsari ga macen da ba ta da juna biyu kuma ba ta da zazzaɓi. Haka nan waya tana da amfani ƙwarai ga wanda ya karɓo sakamakon gwaji yana neman a fassara masa, ko mai hawan jini da ke son a duba awon da yake yi a gida.

Akwai kuma alamomin da bai kamata a ɓata ko minti ɗaya wajen neman sabis a kansu ba. Ciwon ƙirji mai danne mutum kamar an ɗora masa dutse, musamman idan yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, yana cikinsu. Haka ma numfashi da ƙyar, da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa ko sarƙewar harshe farat ɗaya, da jijjiga, da suma, da gushewar hankali, da sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, da aman jini ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta, da ciwon cikin da ya sa ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa, da gudawa mai zuba kamar ruwan wankin shinkafa, da saran maciji, da cizon kare, da ƙuna mai faɗi, da kumburin leɓe ko harshe bayan shan wani magani. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, amma idan akwai mota ko adaidaita sahu a ƙofar gida, shawarata ita ce a sa marar lafiya a ciki a kama hanya, a yi kiran ana tafe.

Ga yara da masu juna biyu, ƙofar ta fi ƙunci. Jaririn da bai kai wata 3 ba idan jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi ko da yana wasa. Haka yaron da ya ƙi kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko barci ya rinjaye shi har ana tashinsa da ƙyar, ko ƙasan ƙirjinsa yake lotsawa idan ya ja numfashi. Mai juna biyu da ta ga jini, ko take fama da matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi da kumburin fuska, ko ta ji ɗan cikinta ya rage motsi, ko zazzaɓi ya kama ta, ita ma ba ta waya ba ce. Mai sikila da ya yi zazzaɓi yana cikin wannan sahu, domin abin da ya yi kama da ƙarami a jikin wani yakan rikiɗe cikin 'yan awowi a jikinsa.

Mataki na biyu ya shafi zazzaɓi kaɗai, kuma na ware shi ne saboda a nan ne shawarwarin da aka rubuta domin Turai ko Amurka suke yaudarar mai karatu na wajenmu. A can, zazzaɓin kwana biyu yawanci mura ce. A nan kuwa, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, don haka babu zazzaɓin da za a kira ƙarami kafin a ga jini. Tun daga shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga ɗan yatsa yana samuwa a ƙananan asibitocin unguwa da ɗakunan gwaji da wasu famasi, kuma sakamakonsa yana fita cikin minti 15 zuwa 20. Ka je a yi shi tukuna, ka ɗauki hoton takardar sakamakon ko na ɗan allon gwajin tun layukan suna sabbi, sannan ka kira likita. Idan ka kira shi hannu rabbana, likitan kirki zai tura ka gwajin ne, ka kuma dawo ka sake biya, wanda ba na kirki ba kuwa zai rubuta maka magani a kan zato.

A nan ya kamata in tsaya kaɗan a kan al'adar nan ta “maleriya da taifot” da ta zama tamkar suna ɗaya a bakin mutane. Gwajin Widal da ake yawan yi sau ɗaya a ɗakunan gwaji ba hujja ba ce mai ƙarfi a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, domin yakan nuna alama a jikin wanda ba shi da taifot, har ma zazzaɓin cizon sauro kansa yakan sa ya tashi. Idan ka nuna wa likita wannan takarda ya ƙi rubuta maganin taifot nan take, ya ce sai an duba wasu alamomi ko an yi gwajin renon ƙwayar cuta daga jini, kada ka ɗauka bai san aikinsa ba.

Mataki na uku shi ne zaɓen wanda za ka yi magana da shi. Hanya mafi aminci ita ce ka fara da asibitin da kake da kati a cikinsa, ka tambaye su ko suna duba marasa lafiya ta waya, domin su suna da fayil ɗinka. Idan kana cikin tsarin inshorar lafiya, ko na hukumar NHIA ta ƙasa, ko na jiha, ko na wurin aiki, ka bincika, domin wasu kamfanonin sun sa wannan hidima cikin abin da ka riga ka biya. Idan kuwa manhaja ce ta kasuwa, ka nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa da hukumar MDCN, wadda ita ce ke yi wa likitoci rajista a Najeriya tana sabunta musu lasisi duk shekara. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka kuma tambayi kuɗin tun farko, da ko ya ƙunshi komowa da sakamakon gwaji, da abin da za a yi idan layi ya yanke a tsakiyar magana.

Wata 'yar uwata ta taɓa tura kuɗi ga wani mutum da ke sanye da farar riga a hotonsa na Facebook, yana kiran kansa Dakta, saboda ƙaiƙayin da ya dame ta. Bai tambaye ta ko tana shayarwa ba, bai tambayi magungunan da take sha ba, sai ya ce sanyi ne ya yi mata yawa, ya lissafa kafso iri uku, sannan ya ƙara da wani haɗi da shi kaɗai ke sayarwa, a aiko kuɗin mota a saka mata a tasha. Duk wanda ya san ciwonka kafin ka gama bayani, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwana kaza, ko maganin da ya rubuta ba ya samuwa sai a hannunsa, ɗan kasuwa ne. Haka kuma babu wata hidimar lafiya da ke buƙatar lambar sirrin katin bankinka ko lambar da banki ke turowa ta saƙo.

Mataki na huɗu shi ne haɗa abin da za ka kai, kuma a nan ne aikin yake. Ka nemi takarda da biro. Ma'aunin zafin jiki na batir ba shi da tsada, kuma ya kamata a ce kowane gida mai yara yana da shi. A sa shi a busasshiyar hamata, a matse hannu har ya yi ƙara, a rubuta lambar tare da lokacin da aka auna, kuma a auna kafin a sha parasitamol, domin awon da aka yi bayan shan magani ba ya nuna gaskiyar zafin. Digiri 38 ko sama da haka zazzaɓi ne. “Jikinsa kamar garwashi” ba ta gaya wa likita komai, amma “38.9 da ƙarfe 2 na dare, 38.2 da asuba” tana gaya masa abubuwa da yawa. Idan akwai na'urar awon hawan jini, a zauna a huta minti 5, a jingina baya, a ɗora hannu daidai da ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka biyun.

Ga yaro mai tari, ƙidayar numfashi ta fi komai daraja, kuma ba ta buƙatar na'ura sai agogon waya. A jira ya natsu ko ya yi barci, a ɗage rigarsa, a ƙidaya sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin cikakken minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40 ko fiye. Wanda ya kai wannan adadi ana zargin ciwon huhu a tare da shi, kuma sai an saurari ƙirjinsa ido da ido. A kuma nemo nauyin yaron, domin da nauyi ake lissafa maganin yara. Idan babu sabon awo a katinsa na rigakafi, uwa ta hau sikeli tana riƙe da shi, ta sauke shi ta sake hawa, a cire na biyu daga na farko.

Bayan awo sai tarihin ciwon. Ka rubuta ranar da ya fara, da abin da ya fara bayyana, da abin da ya biyo baya, da abin da ke ƙara shi ko rage shi, da ko akwai wani a gida mai irinsa. Ka kula da kalmominmu masu faɗin ciki. Abin da Bahaushe ke kira sanyi, ko basir, ko shawara, kowanne buhu ne da aka zuba cututtuka iri-iri a ciki, don haka ka faɗi abin da kake gani da abin da kake ji: zafi ne wajen fitsari, ko ruwa ne ke fita kuma wane launi, ko jini ne a bayan gida, ko ido ne ya yi rawaya. Sannan ka tattaro duk magungunan da ake sha ka jera su a gabanka da kwalayensu, har da wanda mai kemis ya ƙulla a leda, har da jiƙo da sassaƙe da tazargade da duk wani na gargajiya. Mutane sukan ɓoye na gargajiya don gudun faɗa, alhali wasu daga cikinsu suna karo da maganin asibiti ko su wahalar da hanta da ƙoda. Ka tuna kuma ko wani magani ya taɓa yi maka illa, kamar yadda Septrin da Fansidar suke fesar wa wasu da ƙuraje ko baƙin tabo. Mace ta riƙe ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ta kuma faɗa idan tana shayarwa ko da ba a tambaye ta ba.

Idan ciwon na fata ne ko na ido, hoto shi ne rabin ganawar. Na koyi wannan ne ranar da wani zagayayyen tabo ya fito wa ɗana a bayan kunne, na ɗauki hotonsa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya na tura. Likitar ta amsa da cewa ba ta ganin komai sai inuwa, ta ce in jira safiya, in fito da shi tsakar gida inda haske yake amma ba cikin rana kai tsaye ba, in goge gilashin kyamara, in kashe fitilarta, in ajiye tsinken ashana kusa da tabon don ta gane girmansa, in ɗauki ɗaya daga nesa da zai nuna wurin da yake a jiki, ɗaya kuma dab da shi. A hoto na biyu gefen tabon ya fito da ɗan tudu da ɓarɓashi, tsakiyarsa kuma ta washe, nan take ta ce makero ne, ta kuma tambaya ko ya shiga cikin gashi, domin na cikin gashi man shafawa kaɗai ba ya kashe shi. Kada a shafa mai ko hoda ko toka kafin ɗaukar hoton. Abin da ya shafi al'aura kuwa, ra'ayina shi ne a bayyana shi da baki, idan ya zama dole a gani a je asibiti, domin ko da yake dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare sirrin lafiyar mutane, hoton da ya zauna a wayar da yara da maƙwabta ke ara ba dokar da ke tsare shi.

Mataki na biyar gajere ne. Ka yi cajin waya, ka tabbatar da isasshiyar data, ka gwada kyamara da sauti minti 10 kafin lokaci, ka zaɓi ɗakin da sabis ya fi ƙarfi kuma babu hayaniya, ka fuskanci taga domin haske ya sauka a fuskarka. Ka jingina wayar da wani abu don hannayenka su zama a sake, ka ajiye tocila kusa. Ka ba da lambar da za a kira ka da murya idan bidiyo ya ƙi. Idan tsohuwa ce ko tsoho za a duba kuma likitan ba ya jin Hausa, a nemi mai jin Hausa tun wajen yin rajista, idan babu a sa tafinta, amma a zaɓi wanda marar lafiyar ba ta jin nauyinsa. Uwar da aka sa surukinta ko ɗanta na fari ya fassara mata ciwon mara ba za ta faɗi rabin abin da ke damunta ba. Mace tana da damar neman likita mace, kuma wasu manhajoji suna nuna sunaye a zaɓa.

Mataki na shida shi ne ganawar kanta. Bayan gaisuwa, wadda ya kamata a taƙaita saboda lokacin ƙididdigagge ne, ka fara da babban abin da ya sa ka kira, cikin jimla ɗaya ko biyu, sannan ka karanto abin da ka rubuta. Kada ka fara da sunan cutar da kake zato, domin hakan yakan karkatar da tunanin mai sauraro. Likita zai iya sa ka yi wasu abubuwa a madadin hannunsa. Zai iya cewa ka buɗe baki a haska maƙogwaro da tocila, ko ka ja fatar ƙasan ido a ga ko jini ya yi ƙasa, ko ka sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji, ko ka danna wani sashe na ciki ka faɗi inda ya fi zafi. Ga yaro mai gudawa, zai iya cewa a tsunkuli fatar cikinsa a saki a ga ko tana komawa nan da nan, a duba ko idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, a kuma faɗi yaushe rabonsa da fitsari. Maƙogwaron yaro kuwa a haska shi da kyau, domin tun ɓarkewar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano a 2023, farar fata mai toka-toka a maƙogwaro tare da kumburin wuya alama ce ta a garzaya asibiti.

Kafin a rufe kiran, akwai tambayoyin da bai kamata ka bari ba. Ka tambayi abin da yake zato ke damunka da abin da yake tsoron kada ya zama shi ne, da kwana nawa ya kamata ka fara ganin sauƙi, da alamomin da idan ka gan su za ka bar waya ka tafi asibiti, da yadda za ka same shi idan gwaji ya fito. Sannan ka maimaita masa yadda za ka sha maganin da bakinka, domin a nan ake kama kuskuren ji. Idan watan azumi ne, ka nemi ya tsara maka lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ko ya gaya maka gaskiya idan maganin ba ya tsaruwa haka.

Kada ka matsa wa likita ya rubuta kafso ko allura don kawai ka ji kuɗinka bai tafi a banza ba. Mura da yawancin ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce ke kawo su, kuma amoksisilin da ire-irensa ba sa taɓa bairos, sai dai su koya wa ƙwayoyin bakteriyar jikinka jure magani. Mura takan ɗauki kwana 7 zuwa 10, tarinta kuma yakan ɗan jima bayan ta wuce. Idan an ce ka huta, ka sha ruwa, ka sha zuma da ruwan ɗumi, shawara ce ta likita cikakkiya, sai dai ba a ba wa jaririn da bai shekara ba zuma. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, musamman da rama da gumin dare, yana buƙatar gwajin majina na tarin fuka, wanda ake yi kyauta tare da maganinsa a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Idan kuma likita ya ce ba zai iya yanke hukunci ba sai an gan ka ido da ido, ya yi maka aikin da ka biya.

Mataki na bakwai shi ne takardar magani da sayensa. Ka nemi a turo maka ita a rubuce, da sunanka, da kwanan wata, da sunan likitan da lambar rajistarsa, da ainihin sunan maganin, da ƙarfinsa, da adadin da za a sha, sau nawa a rana, har kwana nawa. Saƙon murya ba takardar magani ba ne. Ka kai ta famasin da ke da ƙwararren mai haɗa magunguna mai rajista da hukumar PCN da ke kula da masu haɗa magunguna, domin lasisin ƙaramin kemis na unguwa bai ba shi ikon sayar da kowane irin magani ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, idan kuma akwai wurin kankarewa, kamar yadda ake samu a magungunan maleriya da dama, ka kankare ka tura lambar zuwa inda aka nuna don tabbatar da ingancinsa. Idan aka ce babu wanda aka rubuta amma ga makamancinsa, ka ɗauki hoton kwalin ka tura wa likitan kafin ka biya. Kada ka sa ran likitan kirki zai rubuta tiramadol ko maganin barci ga wanda bai taɓa gani ba, maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta shi tun 2018.

Wasu kurakurai suna maimaituwa a gidajenmu har sun cancanci a ambace su ɗaya bayan ɗaya. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na parasitamol a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma yawancin magungunan mura na haɗe-haɗe suna ɗauke da parasitamol a ciki, don haka wanda ya haɗa su yana ninka wa hantarsa kaya bai sani ba. Ba a ba wa yara asfirin. Maganin maleriya irin su Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, tare da madara ko abinci mai ɗan maiƙo domin jiki ya fi karɓarsa, kuma a ƙarasa shi ko da an ji garau a rana ta biyu. Yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari na fakiti yake buƙata, a dama shi da daidai yawan ruwan da aka rubuta a jiki, tare da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 ga wanda ya wuce wata 6, rabin haka ga wanda bai kai ba. Man shafawa mai haɗin sinadarin sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayin makero na 'yan kwanaki sannan ya baza shi, maganin ɗigawa a ido mai irin wannan sinadari kuma yana iya lalata idon da ke da gyambo, don haka jan idon da ya zo da zafi mai tsanani ko raguwar gani ko ƙyamar haske na likitan ido ne.

Mataki na ƙarshe shi ne bibiya, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi saboda da zarar an kashe waya sai a ga kamar an gama. Ka ɗauki hoton takardar magani da sakamakon gwaji da taƙaitaccen bayanin likita, ka kwafe muhimman abubuwan a littafi guda da aka ware domin lafiyar gida, tunda waya tana ɓata, manhaja kuma tana iya rufewa. Ka ci gaba da auna zafin jiki safe da yamma kana rubutawa. Idan awa 48 zuwa 72 suka wuce babu sauƙi, ko wata sabuwar alama ta fito, ko ana amayar da maganin, kada ka koma neman wani likitan a wata manhajar, ka ɗauki littafin da kwalayen magani ka tafi asibiti. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman a lokacin rani da zazzaɓin Lassa da sanƙarau suka fi yaɗuwa, yana buƙatar a gaya wa ma'aikatan asibiti tun daga bakin ƙofa kwana nawa ya yi da abin da aka sha, kuma ana iya kiran hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kyauta a lamba 6232 idan ana zargin cuta mai yaɗuwa ko an ga mutum fiye da ɗaya a gida da alamomi iri ɗaya. A gaban likitan asibiti, ka buɗe shafin da ka rubuta awon ka miƙa masa, ka kuma gaya masa sunan maganin ƙarshe da aka sha da ƙarfe nawa aka sha shi.